Hannu ne ya ci wasan, ko rabo?

Wanda ya sha kashi a ƙwallon ƙafa ba ya rasa inda zai rataya laifi: alƙalin wasa ya yi son kai, mai tsaron gida ya yi sakaci, ruwa ya ɓata fili. Wanda aka lallasa a Street Fighter ko Tekken kuwa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mutum biyu ne zaune kafaɗa da kafaɗa gaban allo ɗaya, kowa da na'urar sarrafawarsa a kan cinya, kowa ya zaɓi jarumin da yake so da hannunsa, dokokin wasan kuma suna cikin inji, inji kuwa ba ya jin magiya. Cikin 'yan mintoci an gama, a yi musabaha, ɗaya ya wuce gaba, ɗaya ya naɗe wayarsa. Shi ya sa masu wannan harka, tun daga shagunan wasa na Japan da Amurka inda Street Fighter II ya tara su a 1991, suka tashi da wata aƙida mai tsauri: in an cinye ka, kai ka ja wa kanka.

Aƙidar tana da hujjoji masu ƙarfi. Babbar gasar wannan fanni, Evo, ta faro ne a 1996 a garin Sunnyvale na jihar Kalifoniya da sunan Battle by the Bay, ta ɗauki sunanta na yanzu a 2002, ta tare a Las Vegas daga 2005. Har gobe ƙofarta a buɗe take. Duk wanda ya biya kuɗin rajista zai zauna, kuma yaron da ba a san shi ko a bayan layinsu ba yana iya samun kansa gefen zakaran duniya tun a karon farko. A 2023 mutum sama da 7,000 ne suka shiga gasar Street Fighter 6 kaɗai, aka yi ta tankaɗe da rairaya kwana uku har ya rage saura Amjad Al-Shalabi, wanda ake kira AngryBird, mazaunin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Shi ma daga rukunin farko ya faro kamar kowa.

Mai neman uzuri a wannan fage sai ya sha kunya in aka ambaci mutum biyu. Mike Begum, ɗan jihar Texas da aka sani da BrolyLegs, an haife shi da lalurar da ta ɗaure masa gaɓoɓi. Yakan kwanta rub da ciki, ya manna na'urar a fuska, ya riƙa danna ta da kumatu da harshe, da haka kuma ya zama ɗaya daga cikin fitattun masu riƙe jarumar wasan mai suna Chun-Li, har yana koyar da masu lafiyayyun hannuwa, kafin rasuwarsa a Maris 2024. Sven van de Wege na ƙasar Holan kuwa makaho ne tun yana yaro. Da kunne yake auna tazarar da ke tsakaninsa da abokin karawa, da kunnen kuma ya ci wasa a Evo ta 2023, jama'a suna ta sowa.

Hujjar da ta fi kowace shahara ita ce abin da ya faru ranar 1 ga Agusta 2004 a wata jami'a da ke Pomona, Kalifoniya. Daigo Umehara na Japan yana riƙe da Ken, Justin Wong na Amurka yana riƙe da Chun-Li, wasan kuwa Street Fighter III: 3rd Strike. Jinin Ken, wato ma'aunin ransa a allo, ya kusa ƙarewa ƙaf, saura ɗan ɗigon da ko ya kare bugu da hannu, raɗaɗin karewar kaɗai ya isa ya kashe shi. Justin ya san haka, sai ya saki babban makamin Chun-Li, jerin shuri goma sha biyar masu zuwa kamar ruwan ƙanƙara. Hanya ɗaya ta rage wa Daigo. A wannan wasa, in mutum ya tura sandar na'urarsa gaba, wajen bugun, daidai lokacin da zai sauka, to ya ture shi ba tare da ya ji ciwo ba. Ƙofar yin hakan ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba, kuma sai an maimaita ga kowane shuri. Daigo ya ture na farko, ya ture na biyu, ɗakin ya fara kaurewa da ihu, ya ci gaba har na goma sha huɗu, na ƙarshen kuma ya daka tsalle ya ture shi a sama don ya sauko da bugu mai nauyi. Ya sauko, ya haɗa nasa jerin, Chun-Li ta faɗi. Fiye da shekara ashirin ke nan ana nuna wa sababbin shiga wannan bidiyo a matsayin shaidar abin da horo yake iya yi.

Sai dai wanda ya kalli bidiyon da idon basira zai ga wani abu daban a daƙiƙar farko. Shuri na biyu zuwa na goma sha biyar horo ne zalla, domin kiɗansu sananne ne, wanda ya haddace shi zai iya bi. Na farkon kuwa ya fi ƙarfin ido. Saurinsa bai bar wa mutum damar gani sannan ya amsa ba, dole sai ya riga ya tura sandar kusan tare da fitar makamin. Daigo ya karanci Justin, ya yi ta kai da komo don ya tsaya a tazarar da ta dace, ya ƙaddara cewa yanzu zai saki. Da Justin ya jinkirta rabin daƙiƙa, ko ya zaɓi ja da baya har lokaci ya ƙare, da babu wannan labari. Kuma gasar da ake ta tunawa da sunan Daigo ba shi ya cinye ta ba: a wasan ƙarshe wani ɗan ƙasarsu, Kenji Obata, ya doke shi.

Wannan gurbi da ido ba ya kaiwa shi ne zuciyar wasannin faɗa. Allon yana sauya hoto sau 60 a daƙiƙa ɗaya, 'yan wasa kuma da waɗannan hotuna suke lissafi. Naushi mafi sauri a Street Fighter 6 yana fita cikin hoto 4, na Tekken cikin hoto 10, alhali ɗan Adam yana bukatar kusan rubu'in daƙiƙa, wajen hoto 15 ke nan, kafin hannunsa ya amsa abin da idonsa ya gani. A Tekken, in abokin karawa ya matso, zai iya share ƙafa ko ya kai bugu tsakiyar jiki. Wanda ya durƙusa ya tsira daga shara amma ya sha na tsakiya, wanda ya tsaya ya tsira daga na tsakiya amma an kwashe masa ƙafa. Masu ƙera wasan da gangan suka gina shi haka. Japanawa suna kiran dabarar fita daga wannan tarko karatu, wato karanta zuciyar wanda ke gefenka: sau biyu ya share ƙafa, shin zai yi na uku, ko ya san ka san zai yi?

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan iyaka tsakanin tunani da canki-canka, tun kafin a san lantarki. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya yi kakkausan hani ga narda, wasan da ake jefa ƙwaya irin ta ludo. Da aka zo kan shaɗaranji, darar nan mai sarki da dawaki, sai aka saɓa. Imamu Malik ya ƙyamace ta, Risalar Ibnu Abi Zaid da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa ta haɗa ta da narda a hani guda, Imamu Shafi'i kuma ya tsaya a karhanci. Daga baya malaman Shafi'iyya suka fitar da ma'auni: wasan da ya dogara ga lissafi da tunani hukuncinsa na shaɗaranji ne, wanda ya dogara ga kintace hukuncinsa na narda ne. Ko a wajen masu sassauci akwai sharuɗɗa, kada a sa kuɗin caca, kada a tozarta salla, kada baki ya ƙazantu. Sharaɗin kuɗin yana da nauyi a nan, domin akwai bambanci tsakanin dala miliyan ɗaya da kamfanin Capcom ya ba Uma na Taiwan daga aljihunsa a matsayin kyautar cin gasa a Fabrairu 2024, da karawar da mutum biyu ke ajiye kuɗi a kan tebur wanda ya ci ya kwashe. Ta biyun caca ce ko da wane suna aka kira ta.

To, a wane gefen ma'aunin Tekken ya faɗa? A musayar bugu ɗaya, kintace ne. A doguwar karawa, ilimi ne. 'Yan wasan sun san haka sarai, shi ya sa ba a fitar da mutum daga gasa sai ya faɗi sau biyu, shi ya sa ake tsawaita wasannin ƙarshe, shi ya sa kuma in ana son a raba gardama tsakanin gwanaye biyu ake cewa wanda ya fara cin goma. Haka aka yi a 2018 tsakanin Daigo da Tokido, zakaran Evo na 2017, Daigo ya ci 10 da 5, Tokido ya tashi da hawaye. Ƙwayar ludo ba ta san fuskar kowa ba. Nan kuwa, cikin dubban masu shiga, kusan sunaye iri ɗaya ne ke dawowa sahun takwas na ƙarshe shekara bayan shekara. Ƙwazo gaskiya ne, ana kuma iya auna shi.

Tambayar da ta rage ta fi wannan zurfi, wani saurayi ɗan Lahore ne kuma ya jefa ta tsakiyar fage.

Kafin 2018 duniyar Tekken ta Koriya ta Kudu ce da Japan, babban sunanta kuma Bae Jae-min, wanda ake kira Knee. Ba wanda yake lissafi da Pakistan. A shekarar ne Arslan Siddique, wato Arslan Ash, wanda ya koyi wasan tun yana yaro a ƙananan shagunan wasa na Lahore, ya doke Knee a wata gasa a Dubai. Mutane suka ce tsautsayi ne ya faɗa wa gwani. A Fabrairu 2019 ya nufi Evo ta Japan a birnin Fukuoka. Matsalar biza da ta jirage ta sa ya yi fiye da kwana biyu yana sauka yana tashi daga wannan filin jirgi zuwa wancan, ya isa a gajiye ana dab da farawa, ya kuma cinye gasar. A watan Agusta ya je Las Vegas, ya sake haɗuwa da Knee a wasan ƙarshe, ya sake kayar da shi. Da aka tabbatar da nasarar, a gaban dubban 'yan kallo da kyamarori, sai ya sauka ƙasa ya ɗora goshinsa a dandalin.

Ana iya duban wannan sujada ta fuskar fiƙihu: Shafi'iyya da Hanbaliyya suna son sujadar godiya, mashhurin zance a Malikiyya kuwa karhanci ne. Ana iya tambaya kuma ko wasa ya cancanci a yi masa ita. Amma abin da ta faɗa ya fi hukuncinta jan hankali. A gidan da aƙidarsa ita ce komai daga hannunka yake, mutumin da ya fi kowa hujjar cewa hannunsa ne ya yi, shi ne ya nuna cewa ba shi kaɗai ba ne.

Kuma yana da gaskiya, ko da an ajiye imani a gefe an bi lissafi kawai. Arslan bai zaɓi a haife shi a birnin da ke cike da gwanayen Tekken da duniya ba ta sani ba, waɗanda suka yi shekaru suna wasa shi kamar wuƙa. Shi da bakinsa ya riƙa gaya wa 'yan jarida cewa a gida akwai irinsa da yawa, lokaci kuma ya gaskata shi, domin wani ɗan ƙasarsu, Atif Butt, ya ci kofin duniya na Tekken a Amsterdam a Fabrairu 2023. Bai zaɓi saurin jijiyoyinsa ba. Ba shi ya buga wa kansa hatimin biza ba, kuma 'yan wasan Pakistan da yawa sun rasa manyan gasa saboda wannan hatimi, ba don hannunsu ya gaza ba. Wata ƙungiya ce a Daular Larabawa ta ga abin da ke tattare da shi ta ɗauki nauyin tafiyarsa. Da jirgi ɗaya ya ƙara latti a hanyar Fukuoka, da horon shekaru ya tsaya a ɗakin jira. Ƙofar Evo a buɗe take ga kowa, amma ga kowan da ya iya isowa bakinta.

Nan ne tsohuwar muhawarar malaman tauhidi take shigowa. Jabariyya suka ce bawa ba shi da zaɓi, tafiyar da shi kawai ake yi. Ƙadariyya da Mu'utazila suka ce bawa shi ke halittar aikinsa. Abul Hasan Al-Ash'ari, wanda ya bar Mu'utazila bayan ya daɗe a cikinsu, ya tsaya a tsakani: Allah ne mai halittar aiki, bawa kuma mai tsiwirwirarsa ne, da niyyarsa da zaɓinsa, a kan haka ake masa hisabi. Aƙidar 'yan wasan faɗa, in aka bi ta har ƙarshe, Ƙadariyanci ne na zamani. Mai cewa ai duk sa'a ce, canki-canka ne kawai, shi kuma ya zama Bajabare ba tare da ya sani ba.

Alƙur'ani ya koyar da wani ladabi da ya fi tsayawa a tsakiya wuya. A Suratun Nisa'i, aya ta 78 ta tabbatar da cewa alheri da musiba duka daga Allah suke, aya ta 79 kuma nan take ta jingina alherin da ya sami mutum ga Allah, ta jingina sharrin ga kansa. Masu tafsiri suka ce babu karo: ta farko tana maganar halitta ce, ta biyu tana maganar sababi da ladabi. Haka salon ya zo a kan manyan ranaku biyu. Bayan nasarar Badar, Suratul Anfal ta cire jifan daga hannun wanda ya yi shi ta mayar ga Allah. Bayan raunin Uhudu, inda maharba suka bar dutsen da aka tsayar da su, Ali Imrana ta amsa wa masu tambayar daga ina wannan ya zo da cewa daga kawunansu ne. Tazarar da ke tsakanin waɗannan ranaku da wasan allo ta fi ta sama da ƙasa, ayoyin kuma ba don wasa suka sauka ba. Amma zuciyar da ke karɓar ci da faɗuwa guda ce a babban abu da ƙarami, kuma a ƙaramin ake horar da ita. Ladabin shi ne wanda ya faɗi ya dubi hannunsa, wanda ya ci ya dubi abin da aka ba shi.

Mafi yawan mutane a juye suke riƙe da wannan. In sun ci, dabararsu ce, irin amsar da Ƙaruna ya ba mutanensa cewa da iliminsa ya tara dukiyarsa. In sun faɗi, sai a ji ai ba rabo, haka Allah ya so, a shafa fatiha ba tare da an waiwayi inda aka yi kuskure ba. Kalmar gaskiya ce aka mayar da ita bargon lulluɓe kasala. A wannan gaɓa 'yan wasan faɗa suna da abin koyarwa, domin sun rufe wa mai faɗuwa duk ƙofofin gudu. Wanda ya ce jarumin abokin karawarsa ya fi ƙarfi, sai a ce masa kai ma ɗauke shi. Wanda ya ce an yi ta maimaita masa dabara ɗaya, sai a tambaye shi me ya hana shi koyon maganinta. Inda suke kuskure shi ne in suka ɗauki wannan ma'auni suka ba mai nasara, har ya ɗauka duk wanda ke ƙasa da shi rago ne. Yaron da wutar lantarki ke yanke masa atisaye, wanda ba shi da gwani ko ɗaya a garinsu da zai gwada hannu da shi, ba lalaci ne ya hana shi zuwa Las Vegas ba.

Akwai wata wahala da mai imani zai ci karo da ita a nan. Babban makamin ɗan wasa bayan ya faɗi shi ne ya zauna ya sake kallon karawar, yana tsayar da hoto yana cewa da na durƙusa a nan, da ban yi tsalle a can ba. Hadisin mumini mai ƙarfi, wanda Muslim ya ruwaito, ya yi gargaɗi a kan irin wannan da-na-sani, ya ce tana buɗe wa Shaiɗan ƙofa. Amma hadisin da kansa ya fara ne da umarnin a yi kwaɗayin abin da zai amfane mutum, a nemi taimakon Allah, kada a gajiya. Masu sharhi suka bambance tsakanin mai cizon yatsa yana jayayya da abin da ya riga ya wuce, da mai duban baya don gyaran gaba. A gaban allo ana gane su da sauƙi. Na farko yana kallon bidiyon yana zagin wasan. Na biyu yana kallo, sai ya buɗe filin atisaye, ya sa inji ya maimaita masa bugun da ya kayar da shi har hannunsa ya gane shi.

Haka nan sujadar Arslan ba ta nufin Allah ya fi son wanda ya ci. Suratul Fajri ta ƙaryata mai ɗaukar yalwa alamar girmamawa da ƙunci alamar wulaƙanci. A Disamban 2019, a gasar ƙarshe ta duniya da aka yi a Bangkok, Arslan bai ko fita daga rukuninsa ba, Chikurin na Japan ya ɗauki kofin. Mutum ɗaya ne, hannu ɗaya, wata huɗu kacal bayan nasarar Las Vegas. Ya dawo ya ci Evo ta Las Vegas a 2023 da 2024 da 2025, amma tsakanin waɗannan akwai faɗuwa da yawa da ba a yi musu bidiyon tunawa ba.

Rabin ladabin da ya shafi mai faɗuwa kuwa, Knee ne ya nuna shi a aikace. Mutum ne da ya girmi Arslan da shekara goma, wanda ake ɗauka babu kamarsa a tarihin Tekken, ga shi wani yaro daga ƙasar da ba a san ta da wasan ba ya kayar da shi a Dubai, ya kuma kayar da shi a Las Vegas. Yana da uzurin da zai iya kawowa, na shekaru ko na rashin sanin salon baƙo. Kafin 2019 ta ƙare sai ga shi ya sauka a Pakistan, ya shiga shagunan da Arslan ya fito, ya zauna da samarin da ba su taɓa fita ƙasarsu ba, yana ci ana cin sa, yana nazarin yadda suke karewa da yadda suke hukunta ƙaramin kuskure. Annobar korona ta dakatar da haɗuwar ido da ido na shekara biyu. Da Evo ta dawo Las Vegas a Agusta 2022, Arslan ya tsaya a na uku, wani ɗan Pakistan mai suna Khan ya zo na biyu, Knee kuma ya ɗauki kofin yana da shekara 37.